Goron Gayyata a Unguwar Masu Katanga

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. Sau da yawa nakan ɗauki alƙalami in ajiye, domin ni ba mai ilimi ba ne, a firamare na tsaya, kuma ina tsoron kada wani cikin dangi ya karanta ya ce na tono abin da aka riga aka binne. Na tambayi matata, ta ce in rubuta ko ta huta da jin sa duk lokacin da aka fara yaƙin neman zaɓe. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce muddin ban kama sunan kowa ba babu laifi. Duk da haka sai da na ƙara ɗaukar lokaci ina juya maganar. To yau dai na zauna. Abu ne da ya same ni a garin Paraku na ƙasar Benin a wani zaɓen 'yan majalisa, kuma ko zan manta ranar aurena, wannan kam ba zan manta da shi ba.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, a Paraku aka haife ni. Amma mahaifiyata 'yar Jugu ce, daga gidan fatake, waɗanda kakanninsu suka riƙa kai da kawo da goro daga Gwanja har suka zauna a can. Dangin nata mutanen kirki ne, ba su taɓa wulaƙanta ni ba, sai dai ba wanda ya taɓa neman shawarata a kan komai. In ana suna ko biki za a aiko in zo da wuƙaƙena. Manya suna zaure suna yanke magana, ni ina bayan gida ina fiɗa. Ban ga laifinsu ba, domin sun san halina. Ni mutum ne da in na kulle shago na yi nisa, sai na komo na ja kwaɗon na tabbata. In na auna nama sai na ƙara 'yar tsoka, don kada ma'auni ya ci haƙƙin wani ya hau wuyana. Mai irin wannan hali ba a ba shi babban aiki, kuma da an bar ni a haka da kowa ya huta.

A bayan unguwar Titiru, can gefen gari, akwai wata sabuwar unguwa. Ina yaro gonakin doya ne da itatuwan yazawa, muna zuwa harbin tsuntsu. Yanzu katanga ce ke bin katanga, kowace ta fi mutum biyu tsayi, da waya mai ƙaya a kanta, da ƙofar ƙarfe, da kare mai muryar babban mutum. Masu gidajen manyan jami'an duwan ne, wato kwastan na kan iyaka, da likitoci, da malaman jami'a, da masu fitar da auduga waje, da waɗanda ke zaune Turai suna aiko da abin gini. Akwai 'yan kudu akwai 'yan arewa, akwai Kirista akwai Musulmi, amma a ido duk ɗaya suke, gilashin mota a rufe. Babu mai shayi a unguwar, babu benci a gindin bishiya, ba ka jin daka ko kukan jariri. In ka yi sallama da ƙarfi kare ne zai amsa maka.

Ni ke kai musu nama. Kowace safiya in ɗaure kwando a bayan babur in bi gida gida. Na san inda ake son ƙirji, na san inda ake son hanta, na san gidan da madam ta ce in ta ga kitse ko kaɗan za ta mayar mini. Shi ya sa nake ganin na san unguwar kamar yunwar cikina. Ban taɓa zama na lura cewa duk shekarun nan ta ƙaramar ƙofa nake shiga ba, kuma ban taɓa wuce bakin kicin ba.

To sai Kawu ya shiga siyasa. Ƙanin mahaifiyata ne, yana da manyan motoci a Gar, wato tasha, mutum mai fara'a da son jama'a. Jam'iyyarsu ta sa shi cikin 'yan takarar mazaɓarmu, amma can ƙasa, a bayan wani babba da ya riga ya taɓa zama a majalisa, wanda kowa ke kira Onorabul. Wata rana Kawu ya aiko a kira ni ofishinsa. Na tafi da wuƙa a jaka, a zatona rago ne. Na tarar da shi da sakatarensa, wani mai tabarau da ba ya iya kai magana ƙarshe bai sa Faransanci ba.

"Zauna, ɗana," in ji Kawu. "A kujera, ba a ƙasa ba. An ce kai kaɗai ke shiga kowane gida a unguwar masu katanga."

"Haka ne, Kawu."

"Ka san mutanen?"

"Na san su, Kawu. Har karnukansu sun daina yi mini haushi."

Ya yi dariya, sannan ya warware mini zancen. Ya ce Onorabul ya ɗora masa unguwar. Ƙuri'unsu ba su da yawa, in ka haɗa su ba za su kai na layi ɗaya a unguwarmu ta Zongo ba, amma kowane ɗayansu yana da ƙauye a bayansa. Wanda ya gina wa garinsu rijiya ko ya sa yaran dangi a makaranta, in ya ɗaga waya ya ce a bi wane, an gama. Kuma ba a san inda suka dosa ba. Mu a Zongo hular mutum ma tana gaya maka wanda zai zaɓa, su kuwa ba sa zuwa taro, ba sa sa hular kowa, ba sa manna hoto a katanga. Onorabul ya ce in Kawu ya tara masa su wuri ɗaya ya yi musu magana, to zai san yana da mutum.

"In na kasa," in ji Kawu, "zan zama mai ba da motocin kwasar jama'a kawai. Ɗana, mutuncina na sa a hannunka."

Sakatare ya ce zai buga katin gayyata mai ruwan zinariya, ni in raba. Nan ne bakina ya buɗe. Mutumin da ba a taɓa tambaya ba, ranar da aka tambaye shi sai ya juye shawarar da ya tara tun yana yaro. Na ce takarda fa iska ce, a karɓa a ɗora kan firji a manta. Amma goro ba a mayar da shi, kuma wanda ya karɓi goron gayyata ya ɗauki nauyi, ko ya zo ko ya aiko da uzuri. Na ce mu jikokin fatake ne, da goro aka san gidanmu, me zai sa mu kira manya da takarda kamar masu kai sammaci?

Sakatare ya ce, "Patron, mutanen nan fa ba irin namu ba ne."

Kawu ya ɗaga masa hannu. Idonsa har ƙyalli yake yi. "Kun ji jikan fatake. A yi yadda ya ce."

Aka tambaye ni rana, na ce Juma'a bayan la'asar, rana mai albarka. Ban tuna cewa a wannan lokaci duk mai ofis yana ofishinsa ba. Na fito daga Gar ina jin kamar na ƙara tsawo.

Kawu ya sa aka kawo goro daga Jugu, fari, manya, irin wanda ake ajiye wa surukai. Ni da matata muka zauna muka wanke, muka tsince duk mai tabo, muka ɗaure a ganye ƙulli ƙulli. Na yi ta kwance ƙullin ina sake dubawa, don kada na wani gida ya fi na wani a ce an yi son kai. Tana ɗauri tana kallona.

"Wai Malam, su mutanen nan suna cin goro kuwa?"

"Ba don ci ake kaiwa ba, don girmamawa ne."

"To. Ka taɓa zama da ɗaya cikinsu kun yi hira?"

Na ce ta yi aikin da ke gabanta. Amma tambayar ta shige ni ta zauna a ƙarƙashin haƙarƙari. Na yi ta laluben fuskokinsu a zuci, na ga yawancinsu ƙeyarsu kawai na sani, ita ma ta gilashin mota. Na kori tunanin da a'uziyya, na ce shaiɗan ne ke son ɓata aikin alheri.

Na sa riga mai tsabta na bi unguwar, babu nama a kwandon sai goro. A kowace ƙofa in miƙa da hannu biyu in ce, "Goron gayyata ne daga kawuna, a kai wa masu gida. Juma'a bayan la'asar, a filin da ke kusa da famfo." A gidan wani babban jami'in duwan akwai wani dattijo maigadi, mutumin Nijar daga wajen Tawa, dogo mai farin gemu, kowa Baba yake ce masa. Ya karɓa, ya kwance, ya shinshina, ya ce rabonsa da ganin goro irin wannan tun ranar ɗaurin aurensa. A wani gidan kuma kuku ce ta karɓa, wata mata 'yar garin Bariyenu mai baki kamar reza, wadda kullum sai ta ce na cika mata ƙashi.

"Mai nama, yau kuma aure za ka ƙara?"

Na ce a'a, siyasa ce.

Ta ce, "Gara auren."

Gida ɗaya ne na yi ido huɗu da mai shi, wani likita yana fitowa da mota. Ya sauke gilashi kaɗan, na miƙa ƙullin, ya ce ba ya saye, ya ɗage gilashinsa ya wuce. Na ce sauri yake yi, marasa lafiya na jiransa, na ba maigadinsa. Da yamma na kira Kawu na ce masa duk sun karɓa. Ina jin sa yana gaya wa na kusa da shi, "Duk sun karɓa!" Shi kuma ya kira Onorabul.

Ranar Juma'a aka kafa rumfa a filin, aka jera kujerun kushin a gaba, na roba a baya, aka ɗaura lasifika. Mata suka dafa shinkafa da naman da na zaɓa da hannuna. Tun safe ban iya cin komai ba. Tsorona ɗaya, kada a ƙi zuwa. Na yi ta roƙon Allah Ya cika kujerun nan, kuma Allah Ya amsa, ni ne dai ban faɗi da wa za a cika su ba.

Ana idar da la'asar na hango mutum na farko. Babbar riga shuɗiya mai aiki, farin rawani, carbi a hannu, tafiya ta natsuwa. Na ruga in tarbe shi, sai na ga Baba ne, da kayan da ya je masallacin Juma'a.

"Baba, sannu da zuwa. Patron, mai gidan naku, yana tafe?"

"Patron? Yana Kwatano, ai sai ƙarshen shekara yake leƙowa."

"To goron fa?"

"Na kira shi a waya na gaya masa. Ya ce shi me zai yi da goro, in ci abina. To na ci goron gayyata, in ƙi zuwa? Ba a yi mini wannan tarbiyya ba."

Kafin in ce wani abu, ga su nan suna ta fitowa, masu gadi, direbobi, masu ban ruwan fulawa, masu wanki, kowa cikin kayan Juma'a har da turare. Kuku 'yar Bariyenu ta zo da leshi da ɗaurin kai kamar uwar amarya. Ta ce madam ta kalli ƙullin ta ce a fitar mata da ganye daga falo kada ya kawo tururuwa. Wani ya ce nasa patron yana Turai, wani ya ce gidan da yake gadi ba wanda ya taɓa kwana a ciki ban da shi. Wani direba ma da motar gidansu ya zo, baƙa mai sheƙi, domin daga wurin wanki yake, ya ajiye ta daidai bakin rumfa. Wuri ya cika maƙil, kuma duk wanda ke ciki na san shi, na san har kicin ɗin da yake cin abinci. Ashe gaskiya na gaya wa Kawu, na san mutanen unguwar. Masu gidajen ne ban sani ba.

Sai ga Kawu. Ya sauko daga mota ya ga rawuna da manyan riguna, fuskarsa ta washe. Shi ɗan kasuwa ne, a wurinsa babban mutum shi ne mai babbar riga. Ya kama hannuna ya matse, ya raɗa mini, "Ashe unguwar nan tamu ce, duk alhazai! Amma ina motocinsu?"

A nan ne ya kamata in faɗa. Onorabul bai iso ba, waya tana aljihun Kawu, kalma kaɗan ta isa. Na dubi fuskarsa, tun da aka haife ni ban taɓa ganin ya kalle ni haka ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Gidajen kusa ne, Kawu, da ƙafa suka zo." Na ma lallashi kaina cewa ban yi ƙarya ba, ai kusa ne, kuma da ƙafa suka zo. Sakatare ya kalle ni ta saman tabarau.

Onorabul ya iso da jerin motoci, cikin kwat da takalmi mai tsini. Ya bi layin gaba yana gaisawa, ya kama hannun Baba da hannu biyu yana "Alhaji, Alhaji", ya zaunar da shi a kujerar kushin ta tsakiya. Baba ya zauna kamar a kanta aka haife shi. Aka nemi dattijo ya buɗe taro da addu'a, shi aka nuna, kuma ya yi ta da kyau har Kawu yana share ido.

Da Onorabul ya karɓi makirfo, sai Kawu ya ce wasu alhazan ba su cika jin Faransanci ba, a samu mai juyawa da Hausa. Ya waiwaya ya nuna ni. Faransancina na firamare ne da na kasuwa, amma ina ji. Na tsaya a gefen Onorabul. Na ce wa kaina tafinta amana ce, abin da aka faɗa shi zan faɗa, ba ragi ba ƙari, ko Allah Ya dubi wannan Ya rufa mini asiri a ɗayan.

Ya fara da cewa yana alfahari da tsayawa gaban mutanen da suka gina kansu suka gina garin. Na juya, aka tafa. Ya ce zai sa a zuba kwalta don motocinku su daina lalacewa. Na juya, direbobi suka tafa da gaske. Ya ce harajin gidaje ya yi muku nauyi, zai tayar da maganar a majalisa. Na juya, aka kalli juna, aka tafa don ladabi. Kuku ta ce da ƙarfi, "Allah Ya sa," mutane suka ƙunshe dariya. Na fara tunanin watakila za mu fita lafiya.

Sai ya zo kan tsaro. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa, ya ce zai kawo ofishin 'yan sanda tsakiyar unguwar, da fitilu a kowane layi, ta yadda ba wanda zai ƙara wahalar ciyar da maigadin da ba ya komai sai barci a bakin ƙofa. Direbobin da ke jin Faransanci suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya juyo ya kalle ni yana murmushi, yana jira.

Wallahi na ga hanyar fita. Da na ce, "Ya ce za a ƙara tsaro," da an tafa an wuce. Amma sai wani abu ya ce mini, in ka yanke rabin magana ka ci amana, kuma gobe za a tambaye ka. Na rufe ido na juya ta duka, har da barcin, har da bakin ƙofar. Lasifikar kuwa ba ta taɓa yin kyau kamar ranar ba.

Sai Baba ya miƙe a hankali, ya gyara rigarsa a kafaɗa.

"Malam tafinta, tambayar mini shi. Wane maigadi ya gani yana barci? A ƙofar wa?"

Onorabul ya ce me Alhaji ke cewa. Na juya masa. Ya yi dariya irin ta manya, ya ce in gaya wa Alhaji ba da maigadinsa yake ba, ya tabbata mutum irinsa ba zai ajiye malalaci a ƙofarsa ba. Na dubi Kawu, Kawu yana gyaɗa kai yana murmushi. Na juya.

"Maigadina?" in ji Baba. Ya dafa ƙirji. "Ni ne maigadin!"

Wannan ba ta buƙaci tafinta ba, amma don tsabar ruɗewa sai da na juya ta, a makirfo.

Rumfa ta kece. Wasu dariya har suna zamewa daga kujera, wasu masu gadi sun miƙe suna rantsuwa rabonsu da barcin kirki tun da suka zo garin. Onorabul ya bi fuskoki da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya sauka kan takalma, a nan ya gane. Ya ce duk wanda ke jefa ƙuri'a a wannan mazaɓa ya ɗaga hannu. Wannan ma na juya. Hannuwa kaɗan suka tashi, suna jin kunyar juna. Baba ya ce shi ɗan Nijar ne, in an zo zaɓen can a neme shi. Kuku ta ce ita a Bariyenu take zaɓe, can mazaɓar wasu ce, amma in da saƙo za ta kai. Direban baƙar mota ya ɗaga hannu, sannan ya ce shi kam sai abin da ya ji daga patron.

Onorabul ya ajiye makirfo a kan tebur a hankali. Ya gaya wa Kawu wata magana da Faransanci ƙasa ƙasa, wadda na ji, kuma ita kam ba zan juya ta ba har a nan. Ya shiga mota bai ba shi hannu ba.

Na zaci Kawu zai mare ni, kuma da ya mare ni da na ji sauƙi. Ko kallona bai yi ba. Ya zauna a kujerar da Onorabul ya tashi, ya cire hula ya riƙe. Can ya ce wa mata masu abinci, "A zuba wa baƙi. Mu muka gayyace su." Aka ci shinkafa aka sha lemo, Baba ya sake yin addu'a, ya ce Allah Ya ba mai goro abin da yake nema. Kuku ta zo wucewa ta ce mini, "Yau dai babu ƙashi, mai nama." Ni ina bayan rumfa ina naɗe wayar lasifika, wadda ba wanda ya sa ni in naɗe.

Daga ranar ba a ƙara kiran Kawu kan dandamali ba. Motocinsa suka ci gaba da kwasar jama'a zuwa taro, shi yana zaune a Gar. Aka yi zaɓe, Onorabul ya koma majalisa, Kawu bai shiga ba. Na yi ta kiransa bai ɗaga ba. Na je ofis, sakatare ya ce patron ba ya nan, alhali ina hango takalmansa. Na rame har abokan sana'a suna tambaya ko ciwon suga ne. A unguwar masu katanga kuwa na yi suna, kowace ƙofa na tsaya sai an ce, "Tafinta ya iso."

Bayan zaɓe aka yi sunan jikan Kawu a Jugu. Labari ya riga ni isa. Mai babur ɗin hayan da ya ɗauke ni daga tasha shi ya ba ni shi tiryan tiryan, bai san ni ne ba, har ya ƙara da cewa wai tafintan ya suma an zuba masa ruwa. Mahaifiyata ta ce in je in durƙusa, kuma kada in yi dogon bayani, domin dogon bayani shi ne ciwona.

Na same shi a ɗakinsa shi kaɗai bayan an watse. Na durƙusa na fara, "Kawu, goron nan..." Ya katse ni.

"Bar maganar goro. Goro ni na yarda da shi, kuma har gobe in zan gayyaci mutum da shi zan gayyace shi. Juma'a ma ni na yarda. Abu ɗaya nake so in ji. Lokacin da na tambaye ka motocinsu, ka riga ka sani?"

"Na sani, Kawu."

"Ka sani. Wato ni kawunka, a kunne, daga ni sai kai, ka iya rage mini magana. Amma a lasifika, gaban duniya, sai tsoron Allah ya kama ka, ko barcin ba ka iya ragewa ba."

Na yi ta kallon tabarma. Duk tsawon lokacin nan ina tuhumar kaina a kan goro da Juma'a da tafinta, ban taɓa tsayawa a kan wannan 'yar amsa ba, domin na riga na wanke ta na ajiye ta cikin gaskiya.

"Da ka raɗa mini," in ji shi, "da na kira shi na ce iska ta kwashe rumfar, mu ci shinkafarmu da masu gadi mu watse." Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya yake dannewa. "Ni ne maigadin!" ya faɗa, yana dafa ƙirji yadda Baba ya yi, har hawaye suka zubo masa. Ni ban yi dariya ba, ina tsoron kada tarko ne. Ya share ido ya ce, "Tashi, na yafe. Amma ko kaji zan tara ba zan ƙara aiken ka ba." Ya kuwa cika alkawarinsa, duka biyun.

Abin da na koya shi ne, gaskiyar da ke ceton mutum ita ce wadda ake faɗa da wuri, a kunne, lokacin da take da ɗaci a bakin mai faɗa. Ni na ɓoye wannan don kada fuskar Kawu ta canza mini, sannan na fito da wadda ba ta amfani kowa ba na kira ta amana. Yanzu in abu ya fara karkacewa nakan faɗa tun yana ƙarami, ko da za a ce na cika tsoro. In kuma aka tambaye ni ko na san wasu mutane, sai in ce ina kai musu nama, in tsaya a nan.

Abu biyu dai suka rage suna cin raina, kuma su ne suka sa na yarda na rubuta. Ina roƙon malamai cikin masu karatu, ko waɗanda ke aikin tafinta a kotu ko asibiti, su gaya mini: in mai magana ya faɗi abin da zai kunyata shi bai sani ba, ya halatta tafinta ya rage? Na tambayi wasu malamai a nan, kowa amsarsa daban, sai damuwata ta ƙaru. Na biyun kuma, masu gidajen nan, a ina suke jefa ƙuri'a? Duk ranar zaɓe nakan bi ta makarantar da ake ajiye akwatin unguwar, in tarar da ma'aikatan suna zaune suna korar ƙuda. Wanda ya sani, ko yake da ɗan'uwa a cikinsu, ya taimaka ya sanar da ni ta hannun masu wannan shafi. Wallahi ba taro zan haɗa ba, sani kawai nake so.